Garin Da Ya Rasa Cibiya

Akwai wata aƙida da ta yi wa 'yan bokonmu kamun kazar kuku, musamman waɗanda suka ɗan leƙa darasin tsara birane, ko suka taɓa hawa jirgin sama suka dawo. Aƙidar kuwa ita ce, wai gari bai cika na zamani ba sai an yanka shi gunduwa-gunduwa: nan wurin kwana, can wurin aiki, can gaba wurin ciniki, sa'an nan a shimfiɗa kwalta mai faɗin kogi a tsakani, kowa ya je ya nemi mota. Wanda ya buɗe shago a zauren gidansa sai a ce ya ɓata tsari. Mai tafiya a ƙasa kuwa ana dubansa kamar wanda arziki ya tsallake. Da wannan aƙida nake son in ja a wannan fitowa ta mujallarmu. Ba zan fara kiran shaidu daga tsohon birni ba, don kada a ce son kai ne. Shaiduna su ne mutanen da suka raini abin har ya girma, watau Amurkawa, waɗanda yanzu suke zubar da dukiya suna neman ƙofar fita daga cikinsa.

Bari mu ɗauki gari ɗaya mu dube shi da kyau. Lakewood gari ne a jihar Kolorado, yana manne da birnin Denver ta yamma. A ƙidayar 2020 mutanensa sun kai wajen 156,000. Irin garuruwan nan ne da suka tsiro a gefen manyan birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gidaje ne zube, kowane da ɗan filinsa da garejinsa, har sai a 1969 aka haɗa unguwannin aka ba su matsayin gari mai majalisa. Gari ga mutane, ga magajin gari, ga 'yan sanda, amma in baƙo ya sauka ya ce a kai shi tsakiyar gari, babu inda za a kai shi. Abin da ya tsaya musu a madadin cibiya shi ne wata rufaffiyar kasuwa mai suna Villa Italia, wadda aka buɗe a 1966 a kan fili eka 104, mafi yawansa kwalta ce ta ajiye motoci. Nan ake saye, nan matasa suke haɗuwa, nan tsofaffi suke miƙe ƙafa lokacin sanyi. Da aka gina wasu sababbin kasuwanni irinta a kewayen Denver, sai masu mota suka juya sitiyari. Manyan kantuna suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, a 2001 aka rufe ta. Shekara 35 ke nan cif. Ashe garin da ya mai da kanti zuciyarsa, ranar da kanti ya karye sai ya wayi gari ba zuciya.

To, ya kai mai karatu, kada ka zaci haka nan Allah ya halicci Amurkawa da son nesanta kwanansu daga cefanensu. Kafin wannan zamani garuruwansu suna da babban titi mai shaguna a ƙasa, masu shaguna da 'yan haya a sama, ga taragon lantarki yana zirga-zirga. Doka ce ta kashe wannan. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani ƙauye mai suna Euclid da ke gefen birnin Cleveland, ta tabbatar wa hukumomin gari ikon kasa ƙasarsu shiyya-shiyya, su ce nan gidan iyali ɗaya kurum za a gina, nan shago, nan masana'anta. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Sutherland, har kamanta gidan haya mai ɗakuna da yawa ya yi da kaska, wai yana shan jinin unguwar masu gidan kansu. Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. An wayi gari a birane da yawa na ƙasar, kusan kashi 75 cikin 100 na filin da aka ware don zama, haramun ne a gina komi a kansa in ba gida ɗaya tilo mai iyali ɗaya ba. Ba a yarda da mai gasa burodi a kusurwa ba, ba a yarda da ɗakin haya a bayan gida ba. Watau irin titin da kakanninsu suka gina, da wani zai tashi ya gina shi a yau, a yawancin unguwanni laifi ya yi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a aji ba. Hujjar da ake kawowa ita ce raba hayaƙin masana'anta da ɗakin kwana, kuma wannan hujja ce mai kyau, ba mai hankalin da zai ƙi ta. Amma me ya haɗa hayaƙi da shagon tela, ko da gidan haya? A 1917 ita wannan kotu ta hana birane su ware unguwa da sunan launin fata ƙarara. Da aka toshe wannan ƙofa sai aka bi ta taga. In ka ce kowane gida sai ya zauna a kan babban fili, kuma ba a yarda da haya ba, ka kori talaka ba tare da ka ambaci sunansa ba, kuma a Amurka ta wancan lokaci kowa ya san wane ne talakan. Garin Levittown da aka fara ginawa a 1947 kusa da birnin New York, mai gidaje fiye da 17,000, wanda ya zama abin koyi ga dukkan irin waɗannan garuruwa, bai ma ɓoye ba: a rubuce aka sa cewa ba a ba baƙar fata gida. Wannan shi ne tushen abin da wasunmu suke yi wa kirari da sunan tsari.

Bayan doka sai kwalta. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi na mil 41,000, gwamnatin tarayya tana biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin. A wannan shekara dai aka buɗe Southdale a jihar Minnesota, uwar rufaffun kasuwanni irin su Villa Italia. Wanda ya zana ta, Victor Gruen, mutumin birnin Biyana ne da ya gudo daga 'yan Nazi a 1938. Abin tausayi, shi burinsa ya sama wa mutanen gefen birni dandali irin na garinsu, inda za a sauka daga mota a yi tafiya a ƙasa, kuma ya so a kewaye kasuwar da gidaje da makaranta da asibiti da wurin shan iska. Masu kuɗi suka ɗauki kantunan da filin mota, suka zubar da sauran. A 1978, a wani jawabi da ya yi a Landan, Gruen ya barranta daga waɗannan gine-gine, ya ce shegu ne, ba zai ɗauki nauyinsu ba. Uban abu ke nan ya tsine masa, amma har yau akwai masu ɗaukarsa su goya.

In kana son ka ga yadda ƙaramar doka take rusa gari, dubi dokar wurin ajiye mota. Hukumomi da yawa a can sun wajabta wa mai gina shago ya tanadi wurin mota huɗu ko biyar a kan kowace ƙafa murabba'i 1,000 ta shagonsa. Mota ɗaya, in an haɗa da hanyar shiga da juyawa, tana cin fiye da ƙafa murabba'i 300. Yi lissafi da kanka: huɗu sau 300 ya ba ka 1,200. Watau doka ta ce ɗakin mota ya fi ɗakin ciniki girma. Da zarar kowane gini ya zauna a tsakiyar tafkin kwaltarsa, ginin kusa ya yi nisa, tafiya a ƙasa ta zama azaba, wanda ba ya son mota ma dole ya saya, sa'an nan hukuma ta ƙirga motoci ta ce ai kun gani, ana bukatar ƙarin wurin ajiyewa. Shehin malamin nan na Jami'ar Kalifoniya, Donald Shoup, littafi guda ya wallafa a 2005 a kan wannan batu, yana nuna cewa wurin motar da ake kira kyauta, kuɗinsa yana ɓoye cikin kuɗin haya da farashin kaya, har wanda ya zo a ƙasa yana biya wa mai mota.

Kuma ba kuɗi kaɗai ake biya ba. A 2022 mota ta kashe masu tafiya a ƙasa kimanin 7,500 a Amurka, adadin da ba a ga irinsa ba cikin shekara 40. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa motar da ta buge mutum tana gudun kilomita 37 a awa, mutum ɗaya cikin goma ne zai mutu. In ta kai kilomita 68, rabi ne. Titi mai faɗi kuwa shi yake gaya wa direba ya taka, kome aka rubuta a allo. Sa'an nan ga yara, ga tsofaffin da ido ya raunana, ga naƙasassu, ga gidaje wajen 8 cikin 100 da ba su da mota sam. Duk waɗannan, a garin da aka tsara don sitiyari, fursunoni ne masu jiran wanda zai rage musu hanya.

Mu koma Lakewood. Da kasuwa ta mutu, hukumar gari ba ta nemi wani ya sake gina irinta ba. Ta haɗa kai da wani kamfani na Denver mai suna Continuum Partners, aka rushe ginin, aka yanka eka 104 ɗin nan gida 22, tituna suna ratsa tsakani kamar na gari sosai. Aka sa wa wurin suna Belmar, aka buɗe kashin farko a 2004. An matse titunan don mota ta rage gudu, an faɗaɗa hanyar ƙafa, an dasa itatuwa, an jawo gine-gine bakin titi ƙofarsu na kallon masu wucewa. Shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen kwana a sama. Akwai silima, akwai kantin kayan miya, akwai ɗakunan masu zane, akwai dandali a tsakiya wanda ake daskarar da ruwa a cikinsa lokacin sanyi yara su yi wasan sulɓi. Motoci an tura yawancinsu cikin benayen ajiya a bayan shaguna. Wani tsohon kanti guda ma ba a rushe shi ba, an mai da shi ofisoshi. A filin da a da ba mai kwana ko ɗaya sai mai gadi, an sami mazauna fiye da 2,000.

Lalle a yaba musu, kuma abin da na fi yabawa ba itatuwan ba ne. Titunan Belmar na jama'a ne, a hannun hukumar gari suke. Wani zai ce mene ne a ciki? Komi yana ciki. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa mai rufaffiyar kasuwa yana da ikon korar masu raba takardun adawa da yaƙin Biyetnam daga harabarsa, domin wurin mallakarsa ne. Kuma cutar ta bi wasu sababbin cibiyoyin da ake ginawa. A Silver Spring, gefen birnin Washinton, a 2007 masu gadi sun hana wani mutum ɗaukar hoto a kan titin tsakiyar gari, domin an ba kamfani hayar titin, sai da jama'a suka fito da kyamarori ranar bikin 'yancin ƙasar suka yi zanga-zanga. Wurin da mai gadi zai iya korarka don bai ga alamar za ka sayi wani abu ba, kome kyansa, falon attajiri ne. Tsakiyar gari ita ce inda mai zanga-zanga da mai wa'azi da marar ko sisi suke da haƙƙin tsayawa ba da alfarmar kowa ba.

Amma kada a ɗauka na zo tallar Belmar ne. Wurin tsibiri ne. Manyan tituna biyu masu layuka da yawa, Wadsworth da Alameda, su suka tokare shi, kuma mutumin da ke zaune a tsallakensu sai ya yi shahada kafin ya ƙetaro. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2013 daga Denver zuwa yamma ya ratsa Lakewood, amma ta arewa ya bi, bai taɓa Belmar ba. Saboda haka yawancin masu zuwa mota suke tuƙowa, su ajiye ta, su yi 'yar tafiyarsu ta marmari, su koma. Tafiya a ƙasa ta zama abin yawon buɗe ido, kamar hawan doki ranar salla. Sa'an nan aikin ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma don a biya bashin tituna da benayen mota sai da aka ɗora wa duk mai sayen kaya a wurin ƙarin kashi 2.5 cikin 100. Dubi wannan abin al'ajabi: mutumin da ya sauko daga ɗakinsa a ƙasa ya sayi sabulu, yana taya biyan ɗakin kwanan motar wani.

Babban rauninsa kuwa shi ne, ko da yake tituna na jama'a ne, yawancin shagunan a hannun mai gida ɗaya suke. A 2015 aka sayar wa kamfanin Starwood Capital, bashi ya sarƙe, a 2021 wurin ya sake komawa wani hannun. Cibiyar gari ta zama haja, ana cinikinta a ofisoshin da ke nesa da ita. Mai gida ɗaya kuwa ɗan haya mai suna yake so, wanda banki ya sani, ba mai gyaran takalmi ba. Tsohon titi mai masu fegi ɗari ba ya mutuwa rana ɗaya, domin in wannan ya karye wancan yana tsaye, kuma tsohon gini mai arhar haya shi ne mafakar mai ƙaramin jari. Jane Jacobs ta yi wannan bayani tun 1961 a littafinta kan manyan biranen Amurka, masu tsara birane na lokacin suka ce ai matar ba ta da digirin fannin. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, kamfani yana iya gina siffar gari cikin shekara uku, amma abin da ya fi sauƙi da arha shi ne hukuma ta cire hannunta daga wuyan ƙananan masu gini.

Na san abin da za a ce: ai mutane ne suka zaɓi mota da fili, wa zai hana su? Ba wanda ya ce a hana su. Mai son gida a keɓe ya gina, Allah ya sanya alheri. Amma ba a kiran abu zaɓi alhali an haramta kishiyarsa. Kuma in da gaske ba a son unguwar da ake tafiya a ƙasa, me ya sa gidajenta suka fi tsada a birane da yawa na ƙasar? Su kansu Amurkawa sun fara warware ƙullin. Birnin Buffalo ya soke dokar tilasta wurin mota a 2017. A 2018 majalisar Minneapolis ta amince a gina gida mai iyali uku a inda a da ɗaya kurum aka yarda. A 2022 jihar Kalifoniya ta hana biranenta tilasta wurin mota a kusa da manyan tashoshin bas da jirgi.

To mu ina ruwanmu da Kolorado? Ruwanmu har wuya. Raba gari ya riske mu tun kafin na Amurka ya kankama. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, da ƙa'idodin da suka biyo ta sun ware unguwar Turawa, aka bar fili na yadi 440 tsakaninta da 'yan ƙasa wanda ba a yarda a zauna a cikinsa ba, wai don sauro. Yadi 440 rubu'in mil ne, kuma shi ne daidai ma'aunin da masu tsara wurare irin Belmar suke kira tafiyar minti biyar, iyakar nisan da ya kamata ya kasance tsakanin mutum da shago. Tazarar da Bature ya auna don ya nesanta mu, ita jikokinsa suke aunawa don su kusanci juna. Turawa sun tafi, mun gaji unguwarsu, mun gaji ra'ayin cewa babban mutum shi ne wanda ba a jin kiran mai talla daga ɗakinsa. Da aka zo gina Abuja bayan dokar 1976, haɗin gwiwar kamfanonin Amurka ne, International Planning Associates, ya zana babban tsarin da aka miƙa a 1979. Sakamakon yana nan a kan hanyar Nyanya da Mararaba da Kubwa kowace asuba: masinja da direba da mai shara suna kwana a wani gari, suna aiki a wani, rabin albashi yana tafiya a kuɗin mota.

Alhali kuwa abin da Lakewood ta ci bashi don ta kwaikwaya, muna da shi a Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Sana'a tana zaure, iyali suna cikin gida, masallaci da makarantar allo suna bakin lungu, marina tana Ƙofar Mata, kuma tsoho da sandarsa yana iya kammala bukatunsa na yini bai hau komi ba. Sunayen unguwanni kamar Soron Ɗinki da Dukawa sun isa shaida cewa aiki da kwana ba su taɓa zama abokan gaba ba. Za a ce da ni akwai cunkoso, akwai kwata, motar asibiti ba ta shiga lungu. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Amma maganin kwata magudana ce, maganin shara kwashewa ne, kuma ana iya buɗe hanyar gaggawa ba tare da an kori mai shago daga zaurensa ba. Ba a yanke kai don ciwon ido. Mu ma mun ɗanɗana rufaffiyar kasuwa: an buɗe ta Ado Bayero a Kano a 2014, a Janairun 2024 Shoprite, babban ɗan hayarta, ya rufe ƙofa ya tafi. Kurmi tana nan tana ci.

Saboda haka ina ƙalubalantar 'yan'uwana ɗaliban tsara birane, tare da neman afuwar malamanmu, Allah ya ƙara musu sani. Kowace shekara ana zana sababbin unguwanni a gefen garuruwanmu, fegi bayan fegi, a shafa wa wannan yanki launin zama, wancan launin kasuwanci, a ja titi mai layi shida a tsakiya, a sami maki mai kyau. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga mai son mai da martani, kuma zan karanta da ladabi. Sharaɗina ɗaya ne: ya zo da taswirar da ya zana, ya ɗora yatsa a kan gidan da ya fi nisa, ya nuna mana ta inda yarinya 'yar shekara 10 za ta bi daga wannan gida ta sayo gishiri ta dawo, da minti nawa za ta yi, da titi nawa za ta tsallaka.